Wayar da na ƙara wa tsawo

Ko sunana zan manta, ba zan manta ranar da aka aike ni tashar Kawo taryen Baffa ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, kuma duk Hayin Banki an san halina: in na ga ɓera a hanya, kafin in isa gida ya zama akuya. Babanmu ya fi kowa dariyar ƙaryata.

Shi ne ya faɗi a ofis riƙe da kai. Hoton da aka ɗauka ya nuna wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwarsa ta kumbura kamar balan-balan, har ta fara yoyo. Ina tsaye likita ya yi wa Umma bayani: ba za a fasa kai ba, siririn bututu za a zura ta jijiyar cinya har wurin, a toshe kumburin da 'yar waya mai laushi. Ya ce a hanzarta kafin ta fashe gaba ɗaya. Umma ta ce sai Baffa, yayan mijinta, ya iso daga Katsina.

A cikin keke mai ƙafa uku da muka hau daga tasha, Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, me likitan ya ce?"

Na ga fuskarsa a murtuke, sai na so in sa shi dariya.

"Baffa, waya za su cusa masa daga cinya har ka, kamar masu yashe kwata. Tsawonta daga nan zuwa Rigachikun. In ta ɓata hanya, ta hanci za ta fito."

Mai keke ya yi dariya har ya kusa hawa kan mai rake. Baffa bai yi ba.

Da muka isa asibiti, ko zama bai yi ba ya ce ba za a yi wa ƙaninsa haka yana raye ba. Likita ya nuna masa irin bututun, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Baffa ya ce, "Yaro ya riga ya gaya mini abin da kuke ɓoyewa."

Na durƙusa na rantse wasa nake yi.

"Tashi. Yanzu ne kake ƙarya, don sun tsorata ka."

Kwana uku Umma tana roƙonsa, ni ina binsa har masallaci. Ranar da ya yarda bayan azahar, jijiyar ta riga ta fashe tun da hantsi. An yi aikin duk da haka, ya tsayar da jinin. Ramin da aka huda a cinyar ko girman ƙwayar wake bai kai ba. Amma maganar Baba ta tafi, ta tafi da hannunsa na dama.

Shekara huɗu ke nan. Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi. Umma ta ce ƙaddara ce, na kuma yarda, sai dai yardar ba ta hana ni tuna keken nan. Har yanzu nakan zauna gaban Baba in mayar da ɓera akuya, rabin bakinsa ya ɗan motsa. Ban san ko dariya ce ba.

Na koyi cewa wanda ke cikin tsoro ba ya gane wasa. Yanzu in aka tambaye ni me likita ya ce, abin da ya ce kawai nake faɗa.