Yadda Muka Tilasta wa Alhaji Karɓar Kuɗinsa

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, bayan Umma ta fita takaba, na ɗauko ta daga Kano na kawo ta wurina a Springfield, can ƙasar Turawa. Ni kaɗai ce mace a 'ya'yanta, kuma na cika wa yayana baki cewa zan riƙe ta har ta manta da hanyar gida. Ba ta daɗe ba ta fara cewa a nema mata tikitin komawa. Ba ta ce an yi mata laifi ba. Cewa take yi garin nan babu mutane sai motoci, kuma maƙwabcin da ya ɗaga maka hannu daga nesa ya gama zumuncinsa na shekara. Ni da maigidana muna fita aiki tun safe, yara suna makaranta, in sun dawo ta yi musu Hausa su mayar mata da Turanci. Na san in ta koma, ɗakin Baba a rufe shi zai tare ta, kuma ba zan ƙara samunta kusa da ni haka ba. Ba na so ta tafi, tsorona ke nan kullum.

A lokacin ina aiki a laburaren gunduma, a sashen da ke sayo littattafai da fayafayan fim. Muna da kanta guda ta fina-finan harsuna. Akwai na Koriya, akwai na Habasha, na Indiya kuwa har sun yi yawa, amma na Hausa ko na rantsuwa babu. Sai dabara ta zo mini. In aka zuba fina-finan Hausa a kantar nan, Umma za ta samu dalilin saka mayafi ta biyo ni, ta ara, ta dawo da shi, ta sake ara, har ta saba da garin ba ta sani ba.

Shugabar sashenmu wata dattijuwar Baturiya ce mai kirki, amma tana riƙe da doka kamar ita ta haife ta. Ta amince nan take, sannan ta tuna mini sharuɗɗan da na riga na sani. Laburare na gwamnati ne, an yafe masa harajin saye, saboda haka duk rasit ɗin da haraji ya fito a jikinsa ofishin kuɗi ba zai karɓa ba. Sannan dole kayan su zama sayayye. Abin da aka kawo kyauta ba ya hawa kanta, teburin bakin ƙofa ake kai shi, inda ake karyar da tsofaffin littattafai ga duk mai wucewa.

Manyan kamfanonin da ke sayar wa laburare kaya ba su taɓa jin akwai fim da Hausa ba. Na koma wurin ƙananan 'yan kasuwar intanet, su kuma mutum ɗaya mai katinsa na banki suka sani. Ka zaɓi faifai, shafin ya ɗora haraji da kansa, babu wata kafa da za ka ce masa kai laburare ne. Na rubuta wa wani dogon bayani, har da takardar yafe harajin. Ya amso yana mini godiya, yana roƙon in ba shi taurari biyar na yabo a shafinsa. Ranar na kusa jifan kwamfuta da kofin shayi.

Wata ƙawata ce ta ce in daina wahalar da kaina, in je kantin wani Alhaji mutumin Maraɗi a Alexandria, nan kusa da mu, inda muke sayen daddawa da kuka. Ashe a bayan buhunan shinkafa yana da kwali cike da fina-finan Hausa, sababbi a ledarsu, tun zamanin da mutane ba su koma kallo a waya ba. Ranar Asabar na ce wa Umma ta raka ni. Ta bi ni ne kawai don ta gaji da kallon bango.

Muna shiga, suka gaisa da Alhaji gaisuwar da na daɗe ban ji irinta ba, ya yi mata ta'aziyya, ya sa aka kawo mata kujera. Na zaɓi fayafayan da kuɗin da aka ware mini zai iya saye, na tambayi farashi. Ya faɗa. Na buɗe jaka zan ciro katin ofis, sai na ji an daki bayan hannuna.

"Ke, haka ake saye?" in ji Umma. "Daga an faɗa sai ki zaro kuɗi? Matsa."

Umma ta yi shekaru tana sayar da atamfa a cikin ɗakinta, matan unguwa suna shiga suna fita har magariba. Na ɗauka wannan matar ta tafi tare da Baba. Sai ga ta ta gyara zama, ta ɗauki faifai ɗaya, ta juya shi, ta hure ƙurar da ke kai zuwa wajen Alhaji, ta yi tayin da ni kaina sai da na ji kunya.

"Albarka, Hajiya," in ji Alhaji, fuskarsa cike da murna. Daga gani shi ma ya yi shekaru ba a taya masa kaya ba.

"Kayan da ɓeraye ne kawai ke ziyartarsu? Sallama mana mu rage maka kwali."

Suka yi ta yi. Ta miƙe kamar za ta tafi, ya ce ta dawo. Ya rantse faɗuwa zai yi, ta ce ai tuni ya faɗi. Ni ina tsaye da katin gwamnati a hannu, babu mai ko kallona. Da ya sallama, ya buga a injin lissafinsa, injin ya ɗora haraji kamar yadda ya saba. Na ce, "Alhaji, a cire wannan, mu ba ma biyan haraji."

Sai na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya sassauta murya.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Shekara da shekaru ina biyan lanho, harajin nan naku, a ƙasar nan, ko sau ɗaya ba a taɓa kirana ofis ba. Yanzu da furfurata za ki sa ni a wannan hanya? Kuma a gaban mahaifiyarki?"

Umma ta juyo ta dube ni, irin kallon da take mini ina yarinya in an kawo ƙarata. Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Na nuna masa takardar, na ce gwamnatin ce da kanta ta yafe, saboda laburare ba riba yake nema ba, kowa ya zo ya ara kyauta, mai kuɗi da talaka.

"Kyauta?" in ji shi. "Ba a biyan ko sisi?"

"Ko sisi."

"Kamar littattafan masallaci ke nan."

Na ce kusan haka. Wannan kusan hakan ita ta jawo mini. Alhaji ya sunkuya ya ciccibo kwalin gaba ɗaya ya dire a gabana.

"In gwamnatin Nasara za ta yafe nata saboda Allah, ni ne zan karɓi nawa? Ɗauki duka. Sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin iyayena."

Na ce ba zai yiwu ba, dole in biya. Na gaya masa in na kai su a matsayin kyauta, teburin bakin ƙofa za a jibge su a sayar. Bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wurin da ke ba da aro kyauta ya ƙi karɓar kyauta, in ma ya karɓa sai ya sayar. Ni kaina da na ji abin yana fita daga bakina sai na ji kamar ƙarya nake yi. Ya ce ya riga ya ambaci sunan Allah a kai, ba zai mayar da maganarsa ba. Na miƙa kati, ya mayar da hannuwansa baya. Na ajiye a kan tebur, ya ture shi da gwangwanin tumatir. Wata mata da ta shigo sayen manja ta tsaya tana kallon yadda mai saye ke roƙon mai kaya ya karɓi kuɗi.

Umma ce ta raba mu. Ta ce, "Alhaji, waɗanda na taya ka sallama, ciniki ya faɗa, kuɗinsu halalinka ne, ka karɓa. Sauran kwalin kuma gyara ce."

Na ce, "Umma, gyara ma ai kyauta ce."

"Wa ya gaya miki? Kin taɓa ganin an ba wanda bai saya ba gyara? Cikin ciniki take. Ya rubuta su duka a takarda ɗaya, kuɗi ɗaya. Niyyarsa kuma tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ruwan ofishinku."

Alhaji ya ce wallahi Hajiya ta fi alƙali. Injin dai ya ƙi cire haraji, duk maɓallin da muka danna sai ya ƙara wani abu, don haka aka rubuta rasit da hannu. Ranar Litinin shugabata ta daɗe tana duba takardar, tana duba kwalin. Ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa ganin rangwame irin wannan ba, ta tambaya ko mutumin yana da na Koriya.

Da aka gama manna musu lamba aka jera su, na aro guda uku na kai gida ina ta rawar jiki. Umma ta dubi bangon kowanne ta ajiye. Ta ce duk ta gan su tun a Kano, wannan matar mutuwa za ta yi a ƙarshe, wancan kuma ashe ɗan'uwansa ne ya sace kuɗin. Ko ledar na'urar kallon da na sayo ba ta bari na cire ba. Na shiga kicin na tsaya, raina ya ɓaci ƙwarai, duk wahalar nan ta tashi a banza. Cikin haushi na ce mata shi ke nan, in ba a ara ba ai kwashe su za a yi a kai teburin bakin ƙofa, haka dokar take ga duk abin da ya daɗe ba a taɓa shi ba.

"Kayan da na yi cinikinsu da bakina?" in ji ta.

Washegari kafin in gama shiri tana bakin mota da mayafinta. Ta samu kujera kusa da kantar ta zauna, ta ɗauko waya. Duk matar da ta taɓa gaisawa da ita a wurin suna ko a masallaci sai da ta kira ta, har na Largo, waɗanda sai sun ratsa babban birni gaba ɗaya a jirgin ƙasa. In mace ta ce ba ta da na'urar kallon faifai, Umma ta ce ba kallo aka ce ta yi ba, ara aka ce ta yi. Suka fara zuwa, da kunya da kunya, ana yi musu katin aro. Wadda ta ɗauki biyu sai Umma ta ɗora mata na uku ta ce gyara. Ta riƙa goge fayafayan da gefen mayafi, tana sauya musu jeri yadda ta ga za su fi jan ido, abokan aikina suna bin baya suna mayarwa. Sau da yawa shugabata tana zuwa ta roƙe su su rage murya, har wata rana na hango ta zaune a cikinsu da ƙullin cincin a hannu. Wata 'yar Habasha da ta zo neman nasu fim ta fita da na Hausa, har yau ban san da wane yare aka shawo kanta ba.

Gab da azumi yayana ya kira daga Kano. Ina wanke-wanke, wayar tana kan tebur a buɗe, ina jin komai. Bayan gaisuwa ya ce ya samu tikiti mai sauƙi, in ta shirya sai ya sa a share mata ɗaki. Na kashe famfo, hannuna cikin kumfa, na kasa juyowa.

"Yanzu dai ba hali," in ji Umma. "Matan Largo za su zo ranar Alhamis, kuma akwai wadda ta riƙe mini kaya ba ta dawo da su ba. In na tafi wa zai tsare wurin? Wannan ƙanwar taka ko tayi ba ta iya ba."

Yaya ya yi dariya ya ce to sai yaushe. Ta ce za ta gaya masa. Na sake kunna famfo don kada ta ji kukan daɗin da ya ƙwace mini, na ci gaba da wanke tukunyar da na riga na wanke.