Halwar Da Ban Shiga Ba

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Na daɗe ina juya labarin nan a raina kafin na yarda in rubuto shi. Ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu, domin mutanen da ke cikinsa suna nan da ransu, kuma ba wanda ya yi mini laifi a cikinsu.

A lokacin ban daɗe da yin ritaya daga gidan waya ba. Na haura hamsin, yarana sun kawo ƙarfi, zaman gida kuma ya fara gundura ta. Ni mutum ne mai son a ce ya yi, ga saurin hawa, ga ƙin raini ko da na kallo ne. Muna da wani ɗan'uwa na nesa a Makka, can aka haife shi, kakansa ne ya tafi hajji a ƙafa daga garinmu bai dawo ba. Ɗan'uwan nan shi ke kula da wani ɗakin girki na sadaka a wajen Kudai, inda ake dafa shinkafa a raba wa alhazai marasa ƙarfi da leburori. Da ya zo ganin dangi sai ya yi zancen suna neman dattijo mai jin Hausa sosai da zai taimaka na shekara guda don Allah, ba albashi, sai ci da wurin kwana. Bai rufe baki ba na ce ga ni. Uwar yarana ta tambaye ni ko na yi tunani, na ce mata wane tunani kuma ake yi a kan hidimar baƙin Allah. Sai ta daka mini yaji, ta ƙulla kuka da daddawa. Ɗan'uwan nan ya yi mini takardu, na sauka ana shirin azumi.

Wurin kwanan da aka ce, ɗakin ƙarfe ne mai taya, irin wanda kamfanonin gini ke ja su ajiye wa ma'aikata, can suna ce masa karafan. Uku ne a bayan ɗakin girkin. Ɗaya na buhunan shinkafa, ɗaya na masu dafuwa, 'yan Nijar da ke aikin albashi, na ukun kuma ƙarami ne, can ƙurya jikin katangar tashar bas. Shi aka ba ni don girmamawa, wai kada a haɗa dattijo da hayaniyar ma'aikata. Gado ɗaya ne a ciki, da darduma, da ƙusoshin rataye riga, da 'yar taga, sai na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. In ka kashe ta bango ya gasa ka, in ka kunna ta ko sunanka aka kira ba za ka ji ba. Ruwan tanki kuwa da rana ba ya taɓuwa, sai ka tara a bokiti tun da safe ka bar shi ya huce kafin ka yi alwala. Ta tagar ana hango kan dogon agogon Harami. Ranar farko na tsaya ina kallonsa har na yi hawaye, na ce ni wa zai kai ni sa'a.

Aikin bai yi mini nauyi ba. Bayan asuba mu yanka albasa, mu wanke shinkafa, a dafa, mu zuba a robobi, a loda a a-kori-kura. Wani lokaci a raba a bakin tasha, wani lokaci mu hau tudun Nakkasa da kwali a kafaɗa, muna bin lunguna masu matakala har gwiwa ta amsa. Inda na fi amfani shi ne in an gamu da tsohuwa ko tsoho da ya ɓace wa 'yan tawagarsa, ba ya jin komai sai Hausa. Da na ce sannu Hajiya, daga wane gari, sai ka ga mutum ya riƙe hannun rigata gam. In na sada shi da mutanensa a yi ta sa mini albarka, su shige masauki suna hira, ni kuma in juyo ni kaɗai in nemi bas. Wannan juyowar ce ta fara cin raina. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama cikin dubban jama'a, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ya wuni ba wanda ya tambaye shi yaya ya kwana da gajiya ba.

Masu dafuwar mutanen kirki ne. Babbansu wani magidanci ne daga wajen Tawa, mai sanyin magana, kullum yana ce mini in zo a ci tare. Na je sau ɗaya, na tarar hirarsu ta ƙauyukansu ce da wasan da suka saba tun kafin zuwana, suna ganina kuma kowa ya gyara zama aka yi tsit. Ɗan'uwan nawa shi ma ya ɗauke ni zuwa gidansa a unguwar Zahir wata Juma'a. Aka shimfiɗa abinci, 'ya'yansa suka gaishe ni da Hausar da ba ta wuce sannu da lafiya ba, daga nan aka koma Larabci. Na yi ƙarfin hali na jefa ɗan Larabcin da na koya a makarantar allo, sai suka ƙyalƙyale da dariya. Yanzu na san ba da mugunta suka yi ba, amma a ranar raina ya ɓaci ƙwarai, na zauna kamar kujerar da aka manta a tsakar ɗaki ina jin warin albasa a rigata. Na rantse a zuciyata ba zan sake taka gidan ba.

Da Juma'a ta zagayo ya aiko mota, sai na ce ina da wuridin da ban ƙarasa ba. Wannan ita ce ƙaryar, kuma ƙarama ce ranar da na yi ta. Da babban mai dafuwa ya kira ni cin abinci na maimaita masa ita. Kafin a yi sallar azumi zancen ya zagaya cewa dattijon nan ba hira ta kawo shi ba, mutumin Allah ne. Aka fara ce mini Malam, ni da abin da na fi sani a duniya shi ne buga hatimi a kan wasiƙa. Aka daina kirana ci, sai dai a kawo kwano a ajiye a bakin ƙofata a tafi ba a ƙwanƙwasa ba, kamar yadda ake yi wa malami a garuruwanmu in ya shiga halwa. Kuma wallahi abin ya yi mini daɗi, gara a ce waliyyi ne da a ce baƙo ne da ya kasa sabawa. Alhali a ciki ba wani wuridi, sai in zauna bakin gado in ci shinkafa ina kallon bango, in buɗe ƙullin daddawa in shinshina in mayar. Uwar yarana in ta kira in ce lafiya lau, in tura mata hoton Harami, in yi saurin sallama kada ta ji muryata ta karye.

Haka aka yi hajji aka gama. Alhazai suka watse, tasha ta yi sauƙi, girki ya ragu. Tarin nan da ke bin mutane bayan hajji ya kama ni, ya shaƙe mini murya, zazzaɓi ya biyo baya. Maimakon in ce ba ni da lafiya, sai girman kai ya hana. Na ce wa ɗan'uwana zan ɗan keɓe na wasu kwanaki in yi ibada tunda aiki ya lafa. Ya ce madalla, in sa shi a addu'a, ya kuma gargaɗi ma'aikata kada kowa ya dame ni. Na shiga na sa sakata, a tunanina in sha magani in kwanta in warware ba wanda ya ga raunina.

Washegari da hantsi na miƙe zan ɗauko bokiti, sai jiri ya kwashe ni. Na faɗi tsakanin gado da bango, ƙuguna ya bugu da ƙarfen gadon, na kasa tashi. Wayata tana kan taga, na ji ta yi ta ringi har cajinta ya ƙare ina kallonta. Na yi ihu, abin da ya fito bai fi hucin numfashi ba, ga na'urar nan tana ta ruri, ga injinan bas a bayan katanga. Da azahar na ga inuwar ƙafafu ta ƙarƙashin ƙofa. Aka ajiye kwano a hankali. Duk da rurin na'urar, ta ƙasan ƙofar har na tsinci muryar mai dafuwa yana ce wa wani ya rage murya, Malam yana ciki. Na ɗauki kofin silba na buga a bango iya ƙarfina, ƙafafun suka ɗan tsaya, sannan suka tafi a sanɗa. Jim kaɗan na ji kwanon yana ƙara a kan siminti. Kyanwoyin tasha ne suka ture murfin suka cinye tas. Da yamma aka zo aka ɗauki kwano wayam, aka ajiye wani. Wato a wajensu Malam yana ci, yana ibada, komai daidai.

Ban san kwana nawa na yi a ƙasan nan ba, sai daga baya aka gaya mini, kuma ba na son tunawa. Abin da ya riƙe ni jarkar zamzam ce da na ajiye ƙarƙashin gado don tsarabar gida, ita na riƙa jawowa ina kurɓa har na kasa ɗaga ta. Salla da ido na riƙa yi, ina shafa bango in yi taimama. Sauran abin da ke faruwa da mutumin da ya kasa tashi ba sai na faɗa ba, mai karatu ya sani. Na ji tsoro, Edita, tsoro na gaske. Kowa a garinmu yana fatan ya cika a Makka, ni ma na sha faɗa da bakina, amma da na ga abin ya matso sai na tarar ba na so, ba a haka ba, ni kaɗai cikin ƙazanta, mutane na wucewa a sanɗa don ladabi. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Can gida uwar yarana ta yi ta kira waya a kashe. Ta bi dangi gida gida har ta samo lambar matar ɗan'uwan nan. Ita kuwa da Hausarta mai gauraye da Larabci ta kwantar mata da hankali, ta ce ai Malam halwa ya shiga, abinci ma ana kai masa yana ci. An ce uwar yarana, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa baƙo murya ba, ta katse ta ta ce: "Hajiya, shekara talatin ina tare da mutumin nan, bai taɓa yin halwar wuni ɗaya ba. Ku fasa ƙofar."

Da ƙarfen cire taya suka ɓalle ta. A asibiti likita ya ce ciwon huhu ne, kuma rashin ruwa ya taɓa mini ƙoda. Har yau ina kan magani, kuma ba zan ƙara iya azumi ba. Amma abin da ya fi ƙodar yi mini ciwo shi ne ranar da mai dafuwa ya zo duba ni. Magidanci guda ya durƙusa a gefen gado yana kuka yana neman gafarata. Ya ce ya ji bugun kofin nan da kunnensa, zuciyarsa ta ce masa ya ƙwanƙwasa, sai ya ji tsoron kada ya katse wa bawan Allah ganawa da Ubangijinsa ya ɗauki alhaki. Na riƙe hannunsa na ce masa ni ba malami ba ne, ban taɓa yin wani wuridi a ɗakin nan ba, kewa ce kawai take damuna na ji kunyar faɗa. Sai ya ce ai su ma kullum in sun zauna ci sai sun yi zancena, suna cewa ina ma Malam zai fito ko sau ɗaya.

Da na warware aka sa ni a jirgi na dawo, ban cika shekarar da na yi alkawari ba. Ba na nadamar hidimar, Allah ya karɓi abin da ke cikinta na gaskiya. Abin da na gane shi ne kewa ba abin kunya ba ce, ni na mayar da ita abin ɓoyewa, na lulluɓe ta da rigar ibada don a girmama ni, aka kuwa girmama ni har na kusa mutuwa. Duk mai shirin barin gida don aikin Allah, ko a Makka ko a wani wuri, ina roƙonsa ya zauna cikin mutane ko da ba ya jin rabin hirarsu, ya bari a yi masa dariya, ya faɗa in ba shi da lafiya. Ku kuma masu kai wa mutum abinci bakin ƙofa, komai girman da kuke ba shi, kada ku tafi sai kun ji muryarsa. In ya yi fushi kun katse masa ibada, ku ba shi haƙuri, fushin mai rai yana wucewa.