Layi ɗayan da ban rubuta ba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Talata Mafara kuma ina ƙarasa digirina na biyu, aka ara mini kwamfutoci shida na ofishin makarantar zuwa ƙarshen hutu. Aikina lissafin yadda ruwan noman rani yake rarrabuwa a gonakin Bakura ne, kuma ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Sai an haɗa su sun raba aikin, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta sakamako. In ɗalibai suka dawo ban gama ba, za a kwashe kayan, ni kuma in ƙara shekara.

Abokina da muka taso tare, wani Kirista ɗan ma'aikacin gwamnati, shi ne gwanin harkar. Kafin aiki ya mayar da shi Legas ya bar mini wasu katunan haɗa kwamfutoci masu sauri da wayoyinsu, na saka wa kowace kwamfuta. Amma mun rabu ba daɗi. Cikin wasa ya ce ba zan iya ni kaɗai ba, ni kuwa sarkin zuciya na riƙe maganar.

Irin manhajar da ke raba musu aikin ba saukewa ake a kunna kawai ba. Kai za ka gina ta, ka rubuta mata irin kayan da za ta yi aiki da su. Na gina, ta tashi lafiya lau, har ina yaba wa kaina. To amma tafiyarta kamar ta jakin da aka yi wa lodi. Abin da na zata na yini ɗaya ne, kwana huɗu bai kai rabi ba.

Sati uku ina ɗakin nan ni kaɗai, makaranta tsit, ba abin da nake ji sai ƙarar fankoki. Na canza wayoyi, na zargi zafi, na zargi katunan, har na zargi mai katunan. Wallahi kaɗaici ya ci ni. Ranar Juma'a na je gida Maradun, mahaifiyata ta dube ni ta tambayi abin da yake cina. Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara, sai na ce mata zazzaɓi ne. Ta jiƙa mini magani, na shanye.

Saura kwana biyu a dawo hutu na ajiye girman kai na kira abokin nawa. Bayan doguwar gaisuwa na zayyana masa komai.

Ya ce, "Da kana gina ta, ka faɗa mata akwai katunan?"

Na ce a'a. Ashe akwai layi ɗaya da ake ƙarawa a umarnin ginin. In babu shi, manhajar ba ta ganin katin, kuma ba ta ƙorafi, sai ta bi tsohuwar wayar da ke haɗe da kwamfutocin a hankali. Na sake ginawa da hantsi, kafin la'asar sakamako ya fito. Na miƙe tsaye don murna, na waiga, kujeru ne kawai a ɗakin.

Na sake kiransa in yi godiya. Ban ji murna a muryarsa ba. Ya ce, "Sati uku kana cikin wannan hali, kuma kana da lambata?"

Na gama digirin a shekarar. Yanzu duk ɗalibin da ya zo wurina, layin nan nake fara nuna masa. Amma tambayar abokina har yau ban samo mata amsa ba, kuma duk sanda na tuna sai in ji kunya.