Bangon da kibiya ta ratsa

Shekarun baya kaɗan, lokacin ba ni da aikin fari balle na baƙi, ni da abokina mun zama mayun wani wasan yaƙi na waya, irin wanda ake shiga huɗu-huɗu ta intanet. Tare muka tashi a Gaya. Shi bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, don haka ni ke karanta masa Faransancin da ke cikin wasan. Amma wajen hannu, sai dai a sara masa. Shi ne maharbin ekip ɗinmu, ni kuma na riƙe wani ƙaton jarumi mai tada bango. Aikina ɗaya ne: in tada bangon, shi ya laɓe a baya yana harbi.

A rubuce yake cikin wasan cewa bangon yana tare kowane irin hari. To, yau ya tare, gobe kibiyar wuta ta ratsa shi kamar tsohuwar zana. Ku da kuka san Gaya kun san halin rezonmu, wato sabis ɗin waya, kana zaune a fadar samari kana shan shayi sai waya ta tsallake ta kama na Benin. Duk sanda bangon ya ci amanata sai in ce rezo ne. Ni da nake taƙama da karatu, ban taɓa tsayawa na bincika ba.

Sai samarin garuruwan iyaka suka shirya gasa, muka kai wasan ƙarshe da wata ekip ta Malanville, garin Benin da ke ƙetaren gada daga Gaya. Cikinsu har da ɗan kawuna, don mahaifiyata 'yar can ce. Ranar, bayan la'asar, yayan wani ɗan ekip ɗinmu ya ba mu aron biro ɗinsa, wato ofishinsa mai wifi, don kada rezo ya yi mana tsiya. 'Yan fadarmu suka cika ɗakin.

Saura ƙiris mu ci, aka rutsa mu a kan wata matakala. Na tada bango, abokina ya laɓe. Kibiyar ɗan kawuna ta ratso ta kashe shi nan take, sauranmu aka bi mu ɗaya bayan ɗaya.

Abokina ya juyo ya dube ni ya ce, "Yau kuma wane rezon? Karkata bangon ka yi, ka bar wa ɗan uwanka kafa. Da ma jininka na ƙetaren gada."

Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kai da ko sunanka sai an karanta maka, me ka sani a wasan nan?"

Wasu suka yi dariya. Ya sa wayarsa a aljihu ya fita.

Bayan 'yan makonni na ci karo da wani bidiyo. Ashe in an tada bangon a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana tare kibiyar, in kuwa a kan matakala ne sai ta wuce. Kuskuren waɗanda suka ƙera wasan ne, ba ruwan rezo, ba ruwana. Na ajiye bidiyon ina hura hanci, ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri. Mahaifiyata ta ce, "Ka je ka same shi. Shi zato ya yi, kai kuwa asirinsa ka tona a gaban mutane." Na ce sai ya fara.

Bai fara ba. Aurensa ma a bakin mutane na ji.

Sai bara na tarar da shi a bakin kasuwa yana kabu-kabu. Na tsaya na zayyana masa labarin matakala, na ce ya yafe mini abin da na faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ba komai, Malam, ya wuce. Ina za a kai ku?"

Mutumin da muka yi wanka tsirara a kogi tare, shi ne yau yake ce mini "ku". Ya kai ni har ƙofar gida, bai tambayi hanya ba, bai kuma shiga ya gaida mahaifiyata ba.

An daɗe da gyara bangon a wasan, ni kuma na daɗe da goge wasan daga wayata. Gaskiyata ta fito, kuma ba ta tsinana mini komai ba. Har yau in mun haɗu shi ke fara gaishe ni cikin ladabi, ni kuwa da zai zage ni da na fi samun sauƙi.