Akwatin da Ke Buɗe Hanya Ranar Juma'a

A ofishin da na yi aiki a kudu maso yammacin Washington, duk saƙon da zai shigo kwamfutocinmu daga intanet sai ya bi ta cikin wata na'urar tsaro ta bincike shi. Matsalarta ɗaya, in ta sume, komai ya tsaya. Don haka muka sa wani ɗan akwati a gabanta. Aikinsa ya riƙa yi mata sallama ba ƙaƙƙautawa. Muddin tana amsawa, sai ya tura mata saƙonni. Da ta yi shiru, sai ya kewaye da su ta bayanta, su shige ba bincike, fitilarsa ta koma ja. Ni na haɗa shi da hannuna, kuma har ga Allah ina alfahari da shi.

Sai akwatin ya tsiro da wata ɗabi'a. Duk Juma'a da azahar sai ya buɗe hanyar baya na ɗan lokaci, daidai sa'ar da nake masallaci. Daga baya an gano cewa wani sashe na ofishin ne ke kwashe bayanansa na mako a wannan lokacin, su yi wa na'urar yawa har ta kasa amsa sallama. Amma a lokacin babu wanda ya sani.

Manajanmu, wani Ba'amurke mai murmushi ba dalili, ya fara yi mini tambayoyi masu sanyi. Ƙarfe nawa nake fita? Ina taɓa akwatin kafin in tafi? Rannan na kai katina na shiga ƙofar ɗakin na'urori, ta ƙi buɗuwa. Na ji tsoro ƙwarai, don a wannan aikin in an daina yarda da kai, to ka tattara naka ya naka.

Ni ma sai na koma zargin kowa. Har abokin aikina ɗan Jos, wanda muke shigowa jirgin ƙasa ɗaya daga Springfield kullum safe, na fara auna maganata a gabansa. Ya lura.

"Mutumina, ni ma ka sa ni a layi ke nan?" in ji shi. "Ka zauna wata Juma'ar mana, a ga ko akwatin zai buɗe hanyar."

Raina bai so ba, amma na zauna. Na ja kujera gaban teburin manajan, na ajiye wayata inda zai gan ta, muka zuba wa allon kwamfutarsa ido. Lokacin huɗuba ya zo ya wuce ina zaune kamar mai jiran likita. Can sai alamar akwatin ta koma ja. Wani sanyi ya ratsa ni, har na kusa yin dariya.

Manajan ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo, da murmushin nan nasa, ya tambaye ni wa na bar wa aikin taɓa akwatin yau.