Gaisuwar Kawu Ta Fi Ƙarfin Manhajarmu

A shekarar da cuta ta kama albasar kawuna a Dodoru, ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Kalgo. Mun yi manhajar waya ta manoma: mutum ya danna maɓalli, ya faɗi abin da ke damun gonarsa, saƙon ya je wa malamin gona.

Aikina gwaji. Da farko nakan hau babur in bi Kambaza da Masama, in miƙa wa dattawa waya in zuba ido. Sai oga ya kawo wata manhajar da ke gwaji da kanta. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da sauƙi har abin haushi. Ka danna maɓallan sau ɗaya tana kallo, shi ke nan ta haddace. Kullum ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hoton fuskar wayar, in komai daidai ta nuna kore. Oga ya ce yawon ƙauye ya ƙare, kuma a rage tsawon saƙon murya don ya riƙa tafiya da sauri. Na ce mutanenmu ba su fara magana daga tsakiya. Ya juyo mini da kwamfutarsa, kore daga sama har ƙasa, ya ce in nuna masa inda ta yi ja.

Ina za ta yi ja? Ita ba ta da kowa, balle ta gaishe shi.

Albasar nan ita ce abincin gidan kawu na shekara. Da ganyen ya fara zama ruwan ɗorawa yana kwanciya, sai ya tuna da manhajar da na sa masa da hannuna, ina ta cika baki. Ya yi ta aika saƙo, wayar na nuna masa ya tafi, amma ba amsa daga malamin gona. Bai kira ni ba, wai kada ya tayar mini da hankali a wurin aiki.

Sai da na je gida Gwandu wata Juma'a na ji labari. Na wuce Dodoru, na tarar da rabin fadamar ta ruɓe, sauran ma ba na kai wa kasuwa ba ne. Na karɓi wayarsa na saurari saƙonnin. Kowanne da sallama ya fara, sai ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da jama'a. Daidai inda yake cewa, “To, malam, dama albasata ce,” nan yake yankewa. Dukansu haka. Raina ya ɓaci har na kasa haɗa ido da shi.

Na ce, “Kawu, da ka tafi kai tsaye ga maganar.”

Ya dube ni ya ce, “Yo ɗana, mutum da girmanai, in hwaɗa mai ba gaisuwa?”

Ranar Litinin na koma ofis. Manhajar gwajin ta riga ni gama aikin safe, komai kore.