Turaren da Auta Ya Bari

Mu a gidanmu turare ba shi da mai shi. In ka ajiye kwalba a kan taga, duk wanda ya shigo zai fesa, ya fesa wa na kusa da shi, ba mai cewa kanzil. To haka na ɗauki wanda ƙanena, autanmu, ya bari a ɗakina na Dutsin-Ma lokacin da hutunsa ya ƙare, ya koma Suwidin inda yake aiki.

Kwalbar 'yar guntuwa ce, ba ruwan zinariya, ba ado, sai ka ce ta maganin tari. Na fesa a bayan hannu, na jira. Shiru! Mu da muka saba da turaren da ke riga mutum shiga masallaci, wannan sai ka kai hanci dab da fata. Da farko wani sanyi-sanyi ne, kamar an buɗe randa. Can sai ƙanshin fensirin da aka fere, daga baya kuma hayaƙin itace daga nesa. Auta ya taɓa ce mini ƙanshin dajin ƙasar can ke nan, itatuwan da ba su kaɗe ganye ko ƙanƙara na zuba. Abin ya tsaya mini a rai. Wai waɗanne irin mutane ne za su zauna su haɗa turare don kada a ji shi?

Har kasuwa na kai wa wani mai haɗa turare. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce, "Malam, wannan ai kafinta ne ya yi wanka." Muka yi ta dariya. Amma da zan tafi sai ya miƙo hularsa, wai in ɗan ƙara masa.

Ranar Juma'a na fesa abina, na nufi Kurfi gaida Inna. A lokacin idonta ya riga ya tafi, kuma tun da Auta ya koma ba ta da zance sai ko zai zo Sallah. Duk mun san ba zai samu zuwa ba, an dai rasa mai faɗa mata.

Na tarar tana gyangyaɗi a kan tabarma bayan la'asar. Ba a tada tsohuwa daga barci, don haka na tuɓe takalmi, na zauna a gefenta ban ce komai ba. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa da wannan ƙanshin ne Auta ya durƙusa ya yi mata sallama ba.

Sai ta ɗago kai, ta laluba, ta cafke hannun rigata.

"Auta? Kai, ɗan nan! Saukar yaushe? Ku kawo masa ruwa!"

Rabon da in ji muryarta haka har na manta. Wallahi tausayinta ya kama ni, na ji kamar in nutse a wurin.

"Inna, ni ne. Turarensa ne na shafa."

Ba ta saki rigar ba. Ta sa hanci a kafaɗata, ta ja numfashi a hankali.

"Ba zai zo Sallah ba ke nan."

"Ba zai zo ba, Inna."

"To matso," in ji ta. "Kada dai ka yi magana."